Kwalbar da Ta Fito Daga Kwalina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Gwaram duba surukina, na tashi daga mai gaisuwa na koma likitan ido.

Mako biyu kafin nan ni ma na yi ciwon ido. Idanu suka yi jajir, kwantsa kuwa sai da ruwan ɗumi nake ganin duniya da safe. Likita a Birnin Kudu ya rubuta min maganin ɗigawa, irin wanda aka haɗa mai kashe ƙwayar cuta da mai sauke kumburi. Na sayi na kamfanin waje, mai kwali ƙyal-ƙyal. Matata Binta ce ke ɗiga min, don ni da na hango bakin kwalba ya nufo ni sai in runtse ido in hau fizge-fizge (mutumin da ke kai motar shanu har Legas ke nan). Na warke, na addabi 'yan tasha da labarin kwalina.

Da aka ce idon Baba Malam, mahaifin Binta, ya kama, sai na zura kwalin a aljihu muka tafi ni da Binta. Na same shi a zaure kan buzu, da manyan ɗalibansa, da Yaya Habu, wan Binta. Abin da aka sani, suruki ya durƙusa ya gaida, ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Na yi biyun farko. Sai idona ya faɗa kan wata 'yar farar kwalba mai koren murfi a gefen buzun.

"Baba, wannan ake ɗiga muku?"

"Ita ce. Habu ya sayo."

Na girgiza kai. Na ce ai wannan ruwan randa ne aka ɗura. Na ce masu araha irin wannan, ko akuyata ba zan ɗiga wa ba (ba ni da akuya). Na yi bayani kamar a gabana aka haɗa maganin. Yaya Habu dai yana kallon ƙasa.

Sannan na zaro kwalina, na ɗaga kowa ya gani, na zazzage a tafin hannu.

Farar kwalba. Koren murfi.

Yaya Habu ya karɓa, ya jera su biyu, ya karanta rubutun jikinsu a hankali, layi-layi, kamar mai biya karatu. Ko ɗigo bai bambanta ba.

Baba Malam ya ce, "To madalla. Tunda ruwan randar ya warkar da kai, mu ma muna sa rai. Mayar da abinka, likita ya ce ba a haɗa kwalba da kowa."

A mota Binta ta ce, "Rana ta biyu ka buge taka ta zube, ka manta? Na koma kantin magani, mai haɗa magani ya ce ta ƙare, amma wannan maganin ciki ɗaya ne, kamfani kawai ya bambanta. Na sa maka a kwalin don na san halinka."

Na ce me ya hana ta gaya min.

"Ka taɓa yin shiru na samu wuri?"

Har yau in na shiga Gwaram sai na ji "Likita, barka da zuwa." Amsawa nake yi. Abin da na koya shi ne, duk wanda zai yi wa surukinsa wa'azin magani, ya fara leƙa kwalinsa tun a gida.