Ranar da Na Kama Kan Surukata

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a unguwar Fezzan ba, bayan samun 'yancin kai da kaɗan. Ina sabon malamin asibiti, kuma ina neman auren Falmata, 'yar Ba Modu mai sayar da hatsi. Uwarta, Ya Fanna, ta ɗauke ni kamar ɗa, har tsokanata take yi.

A makon ne likitanmu ya ba mu labarin wata tsutsa ta jikin ɓera da aka gano a ƙasashen waje. Wai ta danyen ganye take shiga mutum, ta haura ƙwaƙwalwa. Alamarta ciwon kai da sanƙarewar wuya, kuma sai an ɗebi ruwan ƙashin baya ake ganewa. Tun daga nan kowa na gani sai na leƙa wuyansa.

Sai na ji Ya Fanna na ciwon kai. Gidan hatsi kuwa ɓeraye ba a magana! Na hau keke a guje.

Na tarar da ita a tsakar gida, na gaishe ta da yarensu, na ce, "Wushe, Ya Fanna, yaya kan?" Ta juya fuska ga bango. Na zagaya, ta ja mayafi. Na ce ta dube ni, wuya ya ƙi juyowa. Matar da jiya-jiya ta gama yi min dariya! Kaina ya ɗaure. Na cafke kanta da hannu biyu (Allah Ya yafe mini) ina ƙoƙarin lanƙwasa wuyan, ina ihu, "A kawo mota! Tsutsar ɓera ta hau kanta!"

Ta ƙwalla salati. Ba Modu ya faɗo da baƙi a bayansa, cikinsu har da kawunnaina biyu daga Kano. Ashe da safen nan suka kawo goro aka ba ni Falmata, ba wanda ya gaya mini. Kunyar suruki kawai baiwar Allah take yi.

Na sandare, har lokacin kanta na hannuna. Na tabbata auren ya tashi.

Ba Modu ya dube ni ya ce, "Yaro, 'yar muka ba ka. Sakar min uwar."

An dai ɗaura, amma Ya Fanna ba ta sake yarda na matso kusa da ita ba. Ni ma na yi hankali: kafin in taɓa majinyaci, sai na tambayi abin da ya faru a gidan da safe.