Liƙi a Gasar Tango

Ranar da 'yata Nafisa ta kai zagayen ƙarshe a gasar rawar Turawa ta makarantarsu a unguwar Harlem, malamarsu ta tsaya tana yi wa iyaye bayani, wai rawar tango daga Ajantina ta samo asali, kuma tana da ƙa'idojinta. Ban saurara ba. Ni da na shekara ashirin ina zuwa biki a Maradi, wa zai koya mini ladabin filin rawa?

Aka saki kiɗa. Nafisa da abokin rawarta suka fara taku gwanin sha'awa, amma zauren tsit, ko tari babu. Na ce a raina, ai 'yata ba marainiya ba ce.

Na rangaɗa guɗa, na shiga fili ina manna mata daloli a goshi. Yaron ya taka ɗaya, santsi ya kwashe shi, suka zube tare. Alƙalan gasar suka ajiye biro.

Muna isa gida Nafisa ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa.

Shekara uku ke nan, amma ko asibiti za ni sai babanta ya tare ƙofa ya ce, "Hajiya, bar jakar nan. Likita ma ba a yi masa liƙi."