Koken Tasalla a Kan Faƙo

A wani daji, ranar wata Talata a tsakiyar bazara, rana ta fito da zafinta tun kafin hantsi, babu gajimare ko ɗaya a sama, iska kuma ta tsaya cik. A ranar ce Tasalla ta kai kokenta gaban majalisar dabbobi.

Tasalla ɓauna ce, amma zabiya. Uwarta baƙa, ubanta baƙi, ƙannenta huɗu baƙaƙe, ita kaɗai ta zo fara, da idanun da ba sa jure haske. Sana'arta sayar da kanwa. Takan haƙo ta a fadama da sassafe, ta ɗauko ta kawo kasuwa. Wurin da aka ba ta yana tsakiyar fili, babu abin da ke kare ta sai wata 'yar aduwa da inuwarta ke rufe rabin bayanta. Ɗaya rabin ya ƙone ya saɓule, har gyambo ya fito mata a kafaɗa ya ƙi warkewa. A gefen kasuwa kuwa akwai wani babban maɗaci, ba kowa a ƙarƙashinsa. Abin da take so ke nan, a mayar da ita can. Taku arba'in ne tsakani, ta sha ƙirgawa.

To, dajin yana da al'ada. Majalisa na zama a gindin wata tsohuwar tsamiya, mai koke kuwa a kan faƙo yake tsayawa, inda ko ciyawa ba ta fitowa. Idan ya sauka kafin a tashi zaman ranar, kokensa ya faɗi. Kakanni suka tsara haka don kada masu koke su cika dogon bayani. Ba su yi tunanin tsara wa 'yan majalisa komai ba.

Tasalla ta hau faƙo. A bayanta akwai Inna Delu, tsohuwar balbela, ƙawar marigayiya uwarta, ta buɗe fikafikanta a kan gyambon.

"Ranka ya daɗe," in ji Tasalla, "rana tana cinye min fata. Ina roƙon a ba ni gindin maɗaci. Shi ke nan kokena."

Shugaban majalisa, Wakili Barmo, raƙumin dawa ne. Kansa kullum yana cikin ganyen tsamiya, daga can muryarsa ke saukowa.

"Madalla da wannan baiwar Allah," in ji shi. "Majalisa ta ji, kuma zuciyarta ta karaya. Wa zai ji wannan ya iya cin abinci? Magatakarda, a rubuta cewa mun ji."

Magatakarda Ɗantani, wani dila mai siririyar murya, ya buɗe littafi, ya daɗe yana dubawa.

"Ranka ya daɗe, akwai 'yar matsala. A nan an rubuta: ɓauna, dabba ce baƙa. Wannan kuwa kowa na gani. In ba ɓauna ba ce, saniya ce, saniya kuma 'yar ruga ce, ba ta da hurumin koke a daji. Ni ba ƙin ta nake ba. Kanwarta nake sha. Amma littafi littafi ne."

Aka shiga muhawara. Wasu suka ce a duba ƙaho, wasu suka ce a duba kofato. Rana ta take tsaka. Tasalla ta runtse ido, hawaye na zuba ba don kuka ba. Ta ji fatar kunnuwanta na tsatstsagewa. Ta yi tunanin duk waɗanda ke gardamar nan sun san gidansu, wasu ma sun ci tuwon sunanta.

Da la'asar Inna Delu ta gaji.

"Kai Ɗantani, ina wurin aka haife ta. Ina wurin aka haife ka ma, kuma da farko ba a gane dila ba ne, an ɗauka ɓera ne. Ka rubuta ɓauna mu tafi gida."

Aka yi dariya, aka rubuta ɓauna, aka ɗage zama.

Ranar Laraba rana ta fi ta jiya. Wakili Barmo ya ce bai dace a yanke hukunci ba sai kowane ɗan majalisa ya je ya jajanta wa mai koke da bakinsa. Suka yi layi. Kowa ya fito daga inuwa da sauri, ya ce sannu, ya zagaya ta bayanta, ya koma. Duk wanda ya zagaya sai Tasalla ta ji zafi kamar cizon cinnaka a wutsiyarta.

Ta san abin. Akwai camfi a dajin cewa gashin zabiya na kawo nasara, ga shi zaɓen kujerun majalisa saura wata guda.

"Inna, tsige ni suke yi."

"Ina gani, 'yar nan. Na ƙirga sha ɗaya. Ni ma fa fara ce tas, shekara nawa ina yawo a dajin nan, ko gashi ɗaya ba wanda ya taɓa nema. Har na fara jin haushi."

Daga ƙarshe Wakili da kansa ya sauko da dogon wuyansa har kusa da kunnenta.

"Ɗiyata, kin san ni ban yarda da waɗannan camfe-camfen jahilci ba," ya ce a hankali. "Mai ɗakina ce ta dame ni. Guda biyu kawai."

Ya cire uku.

Sai Shugabar Tsaro ta miƙe, wata kura mai suna Yalwa, ta gyara murya.

"Ranka ya daɗe, 'yan majalisa masu girma. Ana ta maganar rana, an bar babbar magana. Rayuwar wannan yarinya na cikin haɗari. Na ji da kunnena ana cewa ƙashin zabiya, in aka binne shi a bakin rami, arziki ba ya yankewa. Musamman ƙashin cinya, na hagu. Wai an fi so a same shi da ɗuminsa. Ni dai ji na yi. Marasa imani sun yi yawa a dajin nan. Saboda haka ina neman a danƙa ta a hannuna, ni da yarana mu sa mata ido dare da rana, kada ta yi taku ɗaya ba mu sani ba."

Aka tafa mata sosai. Wani biri har ya share hawaye. Tasalla ta lura Yalwa ba fuskarta take kallo ba tun da ta fara jawabi.

A hanyar gida idonta na hagu ya yi fari, ba ta ganin komai da shi sai hazo.

"Ki haƙura da koken nan," in ji Inna Delu.

"Na tsaya kwana biyu, Inna. In na bari yanzu, ƙunar ta tafi a banza. Taku arba'in ne fa."

Ranar Alhamis ta koma. Aka buɗe zama da jawabin godiya ga majalisa, aka bi da jawabin godiya ga mai jawabin. Wajen azahar Ɗantani ya tashi ya karanta hukunci.

"Majalisa ta amince cewa Tasalla, ɓauna, dukiya ce ta dajin nan baki ɗaya, kuma kare ta wajibi ne. Saboda haka, na ɗaya, ba za a kai ta gefen kasuwa ba, inda duhun bishiya zai iya ɓoye mugu. Za ta ci gaba da zama a tsakiya inda kowa ke ganinta. Na biyu, za a tuge aduwar da ke kusa da ita, don kada wani ya laɓe a bayanta. Na uku, an ba masu tsaro gindin maɗaci su zauna, domin aikinsu na buƙatar natsuwa. Na huɗu, an keɓe rana guda duk shekara, za a tsayar da ita a kan faƙon nan a karrama ta da jawabai."

Ƙudaje sun taru a kafaɗar Tasalla, Inna Delu na korarsu. Daga wajen kasuwa aka jiyo ƙarar saiwa na tsinkewa, giwa ta riga ta kama aikin tuge aduwa. A duk tarihin majalisar ba a taɓa zartar da hukunci da sauri haka ba.

"Ranka ya daɗe, in yi magana?" in ji Tasalla.

"A taƙaice, ɗiyata. Ana zafi."

"Inuwa na roƙa. Ban ce ku so ni ba, ban ce ku ji tausayina ba, ban ce ni dukiyar kowa ce ba. Ni mai kanwa ce. Gashina gashi ne, da yana kawo nasara da ba a nan kuka same ni ba. Kwana uku kuna zaune a inuwa kuna tattauna yadda za ku cece ni daga rana, ba wanda ya ce in matso. Ga wuri nan kusa da kunkuru, tun shekaranjiya nake kallonsa."

Kunkuru ya ja kansa ciki.

"Al'ada ce," in ji Wakili Barmo daga cikin ganye. "Mu ma ba daɗinta muke ji ba. Magatakarda, a rubuta cewa ta yi godiya."

Tasalla ta sauka daga faƙo. Ba ta bi ta kasuwa ba, don yaran Yalwa sun riga sun baje a gindin maɗaci suna jiranta. Ta miƙe gabas, ta haye kogi da Inna Delu a bayanta, ta shiga kurmin da ke ƙetare, inda ba ta san kowa ba, ba kuma kasuwa.

Da damina ta faɗi aka yi lissafin abin da aka rasa. Tasalla ta rasa ido ɗaya, da gefen kunnuwa biyu, da gashin wutsiya gaba ɗaya, da sana'ar shekara tara. Kasuwa ta rasa aduwa ɗaya da mai kanwa ɗaya. 'Yan majalisa shida sun rasa kujerunsu, da layun gashinta a wuyansu. Koken zabaya kuwa, tun daga ranar ba a sake samun ko ɗaya ba a dajin.