Tela da Ma'aunin Ruwan Sama

Wani tela ne, shagonsa a ƙofar gidansa, yana da 'ya a babbar sakandare. Yarinyar akwai kai, kullum ita ke zuwa ta ɗaya, shi kuwa kafin ka gama gaishe shi ya gaya maka.

Da damina ta sauka, malamin kimiyyar ƙasa da muhalli ya raba wa 'yan aji ma'aunin ruwan sama, wata kwalba mai zanen milimita a jiki da mazurari a baki. Ya ce kowa ya kafa a fili, kowace safiya ya duba, ya rubuta abin da ya gani, ba abin da yake zato ba, sannan ya zubar. Wata guda za a yi, kuma makin zai shiga jarrabawar ƙarshe. Ya ƙara da cewa kayan makaranta ne, a kula da shi.

Yarinya ta kafa nata a tsakar gida, ta jero wa babanta sharuɗɗan kaf.

Ya ce, "Awo ne? Ai kin zo gida. Shekara talatin ina awo."

Bayan kwana uku ta dawo tana ba da labari: ita ta samu milimita bakwai, ƙawarta da ke can bayan kasuwa ta samu sha biyu.

Tela ya tsayar da keken ɗinki. "Ta fi ki da biyar?"

"Baba, ba gasa ba ce. A unguwarsu aka fi yin ruwan."

"Haka ake cewa. Daga biyar ake farawa."

Washegari tana tafiya makaranta, ya ɗauko buta ya ɗan tsiyaya a mazurari. A sana'arsa ba a yanka yadi cif-cif, sai an bar rara. Da safe yarinya ta samu ashirin. Abin ya yi masa daɗi, hannu kuma ya saba.

Sai aka shiga mako guda ba ruwa, rana ƙwal. Amma kwalba kullum talatin, arba'in. Yarinya ta dubi sama, ta dubi ƙasa a bushe ƙayau.

"Baba, an yi ruwa jiya?"

"Ke dai rubuta abin da kika gani. Ba haka malam ya ce ba?"

Uwar ta leƙo daga ɗaki. "Ni dai shanyata ba ta jiƙe ba."

"Ke shanya aka ce a auna?"

Ranar wata Juma'a da rana tsaka aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, tituna suka cika, motoci suka tsaya. Da safe yarinya ta ruga wurin kwalba, ta same ta a inda take, ko ɗigo babu. Haka ta rubuta sifili.

Ƙarshen wata malam ya duba littafinta. Ya ce a ɗaki ta zauna ta ƙirƙiro lambobin, makinta ya tafi, ta kuma zo da mahaifinta. Ta dawo gida tana kuka. Ran tela ya ɓaci sosai. Ya goge rigarsa mafi kyau, ya sa ta gaba har ofis.

Malam ya buɗe littafi. "Baba, duba nan. Ranar Talata ta rubuta arba'in, alhali duk garin nan ko yayyafi ba a yi ba."

Tela ya gyara zama. "Malam, 'yata ba ta ƙarya. Arba'in ɗin nan ni na zuba da hannuna. Na ma so in kai hamsin, ruwan butar ne ya ƙare."

Yarinya ta rufe fuska da tafin hannu. Malam ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa, kafaɗunsa na motsi. Can ya ce to, laifi ya sauka daga kanta, za ta sake aikin, amma a filin makaranta za a kafa kwalbar.

"Saura abu ɗaya da ya ɗaure mini kai," in ji shi. "Juma'ar nan da ruwa ya kusa tafiya da gari, sifili ta rubuta. Wannan fa?"

Tela ya dube shi da tausayi.

"Haba malam. Kai da bakinka ka ce kayan makaranta ne, a kula da shi. Ina ganin hadari ya haɗo, sai in bar shi a waje ruwa ya dake shi?"