Faifan Zinare

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na tsufa na rikice, da ranar sunan ɗan Yaya Hadiza a gidanta na unguwar Aziziyya, nan ƙasar Larabawa da muke zaune.

A lokacin ina koyon zanen fentin mai wurin wata tsohuwar malama Bamisiriya. Umma kuwa ta gaji da warin fenti a ɗakinmu. Ta ce, "Halas, ya isa haka! Bayan suna ki tattara tarkacen nan ki hau keken ɗinki kamar kowa." Ni kuma na ƙudura sai na yi zanen da zai rufe mata baki.

Kafin malamata ta tafi hutu Masar ta ce in nemo aikin wani gwani na da can in kwaikwaya. A Balad, tsohuwar unguwar kasuwar garin, na tsinto wani tsohon littafi da Italiyanci (harshen da ko gaisuwa ban iya da shi ba). A ciki na ga wata mata da shuɗin mayafi, ta rungume jariri. Kai, wanda ya zana ta gwani ne! Haske na sauka a kumatunta kamar na fitilar aci-bal-bal, mayafin kuwa sai ka rantse za ka iya kama shi. Da na hau kwaikwayon, sau uku ina kankare hannayenta ina sakewa, ina jira fenti ya bushe kafin in ɗora wani a kai. Bayan kanta akwai wata da'ira mai ruwan zinare. Ni da wayona na ce ashe Turawa ma suna jera faifai a bango. Har saƙa na ƙara wa faifan don ya fito sosai.

Ranar suna na jingina zanen a tsakiyar falo, ina hura hanci. Uwa da jariri, ai babu kyautar da ta fi wannan dacewa. Mata suna ta masha Allah.

Sai ga wata nas 'yar Filifin, wadda ta karɓi haihuwar, ta shigo da kyautarta. Tana ganin zanen ta tsaya cak. Ta taɓa goshi, ta taɓa ƙirji da kafaɗu, ta durƙusa a gabansa tana hawaye.

Gwaggo Asabe ta tambaye ta da Larabci, "Lafiya? Kin san matar ne?"

Ta ce, "Maryam ce, da ɗanta Isa."

Innalillahi! Gwaggo ta dafe ƙirji ta juyo kaina: "Ke! Annabin Allah kika kawo mana falo?"

Ni ko, don tsabar ruɗewa, abin da ya fito daga bakina shi ne, "To faifan fa?"

Mata suka kwashe da dariya, wasu na istigfari suna dariyar. Na ji kamar in shige ƙarƙashin kafet. Yaya Hadiza ta lulluɓe zanen da zani ta ba nas ɗin, ta tafi da shi tana ta godiya.

A tasi ni dai na riga na sallama fentina. Sai da muka kusa gida Umma ta ce, "Hannun da ya sa baƙuwa kuka ba na keken ɗinki ba ne. Ki yi zanenki. Amma ki zana teku, ki zana tagogin Balad, ki ƙyale mana Annabawa."

Har yau ina zane. Sai dai duk wanda na gani da faifai a ka, sai na tambayi ko shi wane ne kafin in tsoma buroshi.