Taƙi Guda Daga Bakin Baba

A Dutsen Kanya, in ka tambayi gidan Barau mai gangar noma, kowa zai nuna maka. Mutum huɗu ne a gidan. Akwai shi Baba Barau, wanda ya yi shekara hamsin yana bin gayya da ganga, yana yi wa manoma waƙa har su manta da ciwon baya. Akwai autansa Sadisu, wanda ya je Kaduna ya koyo haɗa kiɗa a kwamfuta. Sai babban ɗansa Cindo, da matar Cindon, Lantana mai sarin ƙwai, baiwar Allah da haƙuri ya zame mata sana'a ta biyu.

Cindo ba mahaukaci ba ne, kada wani ya je ya ce na ce. Shekararsa arba'in da ɗoriya, ga ƙarfi, ga ladabi, bai taɓa yi wa kowa musu ba. Matsalarsa guda ce tak: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka manta ba ka faɗi ƙarshen magana ba, to kai ka jiyo.

A daminar da nake ba ku labari, muryar Baba ta fara dushewa. Likita ya ce wani tsiro ne a maƙogwaro, ranar Alhamis za a yi aiki, kuma bai ɓoye musu ba: da yardar Allah tsohon zai tashi, amma muryar ba lallai ta dawo ba. Duk waƙoƙin nan na shekara hamsin kuwa, ko ɗaya ba a taɓa ɗauka a kaset ba. Shi ya sa Sadisu ya kwaso makirfo da lasifika da mikisa mai haɗa sauti da kwamfuta da batirin sola, ya ce kafin Alhamis sai ya mai da ɗakin ajiyar hatsi situdiyo ya ɗauki muryar mahaifinsu. Cindo ya ji haka ya yi hawaye, ya ce, "Auta, ka sa ni aiki, komai ka ce zan yi." Lantana da ke tankaɗe a gefe ta ce, "Ai abin tsoron ke nan."

Wata rana da safe Sadisu ya ce, "Yaya, ɗakin nan yana amsa kuwwa. Ka samo kiret ɗin ƙwai kamar talatin ka kafe su a bango, su ne ke shanye amon." Ya faɗa ya tafi neman kafinta. Cindo bai yi nisa ba, ɗakin matarsa ya shiga, ya tarar da kayan da ta saro jiya an jera su har rufi. Ya kwaso, ya sa ƙusa da guduma. Wahalar da ya sha ba kaɗan ba ce, domin ƙwai ba ya son zama a tsaye, amma bawan Allah ya bi kowane ɗaya da ƙullun rogo ya liƙe. Sadisu ya dawo da azahar, ya buɗe ƙofa, ya tarar da bango huɗu suna kallonsa da ido ɗari tara, wasu suna zubar da hawaye ruwan ɗorawa.

"Yaya! Kwalin nake nufi! Kwalin kawai!"

"To ai kiret ɗin ƙwai ka ce. Da kwali ka ce, da kwali na kawo."

Ranar nan har maƙwabta sai da suka ci wainar ƙwai. Lantana kuwa, da dare ta kawo wa Cindo tuwonsa babu miya.

Wata rana kuma Sadisu ya tsaya tsakiyar ɗakin ya kasa kunne. Ga injin niƙa, ga carar zakara, ga mai tallan manja. Ya ce, "Kai, hayaniya ta yi yawa. Yaya, duk wata kafa da ƙara ke shigowa ta cikinta, ka toshe ta. Kada ka bar ko guda." Cindo ya kwaɓa ƙasa ya shiga da ita bokiti shida. Ya toshe ramin ɓera, ya toshe tsagar bango, ya yaɓe taga. Ya kasa kunne, har yanzu yana jin zakara. Ya duba ya ga ai babbar kafar ita ce ƙofa. Ya ja ta ya rufe, ya yaɓe ta daga ciki tun daga sama har ƙasa, ya zauna cikin duhu yana jin daɗin aikinsa. Aka neme shi har bakin rafi. Sai can da la'asar Lantana ta ji wani tari-tari daga ɗakin hatsi. Sadisu ya sa diga ya fasa tagar baya, Cindo ya leƙo da kai, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya ce, "Ka ga ka ɓata aiki. Wallahi tun azahar ban ji zakaran nan ba."

Baba Barau yana zaune a kan tabarma yana kallo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, dariyar ta koma wani siririn sauti mai ban tausayi. Saura kwana huɗu a yi aikin.

Wata rana aka zo haɗa wayoyi. Sadisu ya riga ya fara hankali, ya ce a ransa yau ba zai bar wata ƙofar kuskure ba. Ya ce, "Yaya, duba nan. Waya mai jan kai, a ja za ka sa ta. Mai farin kai, a fari. Ja a ja, fari a fari, shi ke nan." Cindo ya bi ramukan bayan mikisa ɗaya bayan ɗaya, kuma ku ji abin mamaki, bai kuskure ko guda ba. Sai dai waya ɗaya ta yi saura, doguwa mai jan kai, wadda ɗaya bakinta ke jikin lasifika, ga shi jajayen ramuka sun ƙare. Ya duba ɗaki, babu sauran jan abu. Ya leƙa ta tagar da aka fasa, sai ga jar akuyar maƙwabcinsu Ɗankane tana cin ɓawon rogo. Ya ce alhamdulillahi, ya ɗaura mata a ƙafa. Akuya ta ji abu ya riƙe ta, ta zabura, lasifika ta biyo ta ta taga, suka ratsa gonar Ɗankane a guje, shi kuma tsohon yana bin su da fartanya yana salati.

Shi Ɗankanen nan abokin wasan Baba ne tun suna samari. A zamaninsa, in aka yi gayya, shi ke fara kai ƙarshen kunya, kuma rabin waƙoƙin Baba shi aka yi wa. Ya dawo da lasifikar a ka, duk ta yi buɗu-buɗu da ƙasa, ya dire ta ya ce, "Barau, gidanka dai ba a rasa abin kallo. Da ganga kuke hana mu sakat, yanzu kuma kun koma ɗaura wa dabbobi rediyo."

Wata rana, ana jibi tafiya asibiti, aka zo gwajin makirfo. Sadisu ya tsayar da yayansa, ya auna da hannu. "Tsakanin baki da makirfo taƙi guda ne, kada ya ƙaru kada ya ragu. Ka yi ta cewa ɗaya, biyu, har sai na ce ya isa." Cindo ya fara. Ana haka aka aiko cewa mai motar da zai kai Baba asibiti yana nemansa a tasha. Sadisu ya fita da sauri, bai ce ya isa ba. Lasifika kuwa tana bakin taga, an ƙure sautinta. Tun hantsi garin Dutsen Kanya ke jin "ɗaya, biyu, ɗaya, biyu." Mata masu daka suka daidaita taɓarensu da shi. 'Yan sintirin gari suka ɗauka atisaye aka kira, suka fito da sandunansu suka yi layi a ƙofar gidan mai gari suna buga ƙafa. Da Sadisu ya dawo, muryar Cindo ta koma kamar ta kwaɗo, amma taƙin nan na nan daram. Lantana ta ce, "Ni na roƙe shi ya sha ruwa, ya nuna mini da hannu wai ba ni na sa shi ba."

Sai ga Laraba, rana ta ƙarshe. Ɗaki ya haɗu, kwali a bango, wayoyi a mazauninsu. Aka shigo da Baba da gangarsa aka zaunar a kujera. Sandar makirfo ta karye tun ranar akuya, don haka Sadisu ya danƙa wa Cindo makirfon a hannu. Ya ce, "Yaya, ka ji da kyau. Duk inda bakin Baba ya juya, ka bi shi, taƙi guda. Wannan jan maɓallin kuma na danna, yana ɗauka. Kada ka kashe, kada ka bari a kashe, sai na ce kashe."

Baba ya dubi bangon kwali. Ya dubi kwamfuta. Ya ɗaga gula ya buga sau biyu, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya sake gwadawa, ya yi baiti ɗaya a sanyaye, ya tsaya.

"Baba, daure ka ci gaba," in ji Sadisu.

"Wa zan yi wa?" in ji tsohon. "Ni ban taɓa yi wa bango waƙa ba. Waƙar noma sai ga mutum a duƙe, kana kallon bayansa, in ya sassauta ka zuga shi. Nan wa ya duƙa? Ku ƙyale ni, abin ya riga ya wuce."

Sadisu ya lallaɓa, ya roƙa, har ya ce zai duƙa ya yi kamar yana noma a kan siminti. Baba ya ce kada ya mai da shi abin wasa. Daga ƙarshe Sadisu ya cire abin jin sauti daga kunnensa ya ajiye, idonsa ya kawo ruwa. Kwana shida na wahala sun tashi a banza, gobe kuma wuƙar likita. Don kada ya yi kuka a gaban mahaifinsa, ya fice ya nufi tasha.

Baba ya rataya gangarsa ya fita shan iska ta bayan gida. Cindo ya dubi makirfo, ya dubi bakin Baba da ke tafiya. An ce taƙi guda. Ya zura doguwar wayar ta tagar da aka fasa, ya zagaya a guje ya karɓe ta, ya cim ma tsohon, ya kafa masa makirfo a gaban baki. Baba ya harare shi. Amma shekara arba'in yana ganin shirmen Cindo, wa ke jin kunyar Cindo? Ya ƙyale shi kamar yadda ake ƙyale ƙuda.

A tsallaken shinge kuwa ga Ɗankane a duƙe yana gyara kunyoyin da akuya ta tattake. In ya yi sara ɗaya sai ya dafa ƙugu ya huta.

"Kai, Ɗankane!" in ji Baba. "Wannan noma ne ko susar ƙasa?"

"Tsufa ne, Barau. Kai ma ai ga ka nan da ganga kamar mai tallan ta."

Baba ya ce, "Ni?" Ya gyara rataya, ya saukar da gula. Ganga ta amsa. Murya ta fito a dishe, sannan ta washe:

"Ɗankane na gaba, ƙasa ta san hannunka,
Ciyawa ta ji takunka ta kwanta,
Rana ta fito ta tarar ka yi nisa,
Masu biye da kai sun koma inuwa."

Jama'a, sai ga tsoho ɗan shekara saba'in ya tofa yawu a tafi ya kama fartanya. Yana sara, Baba na bin sa a gefen shinge, Cindo na bin Baba da baya-da-baya, ya taka ƙaya bai ce wash ba, ya faɗa kwatami da ƙafa ɗaya ya fito, hannunsa bai kauce ba. Daga waƙar Ɗankane Baba ya shiga ta gayyar sarkin noma, ya shiga ta shekarar fara, ya shiga wadda ya yi wa marigayiya uwarsu Cindo ranar da ta fara kawo masa fura gona. Lantana ta saki taɓarya ta rangaɗa guɗa. Har inuwa ta juya tsofaffin nan biyu ba su tsaya ba, sai da Ɗankane ya kai ƙarshen kunya ya zube yana haki yana dariya.

Sadisu ya dawo ya hango wayarsa ta ratsa taga ta bi ta cikin taɓo, makirfonsa mai tsada a hannun Cindo a bakin shinge. Ransa ya ɓaci.

"Yaya, don girman Allah, yau kuma me ka yi?"

"Taƙi guda ka ce."

"To me ya sa ba ka ajiye ba da aka fasa?"

"Ba ka ce kashe ba."

Sadisu ya tsaya cak. Ya ruga ɗaki. Jan maɓalli na nan a kunne. Ya mayar baya ya saurara: ga zakara, ga kukan jar akuya, ga sarar fartanya tana tafiya daidai da ganga, ga muryar Baba a sama da su duka, tas, kamar yana tsaye a gabanka. Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannu biyu ya yi kukan da ya gudu ya ɓoye ɗazu.

An yi aiki lafiya, Baba ya dawo gida bayan mako biyu. Muryar ba ta dawo ba, sai raɗa. Ranar da ya dawo, aka fito da lasifika tsakar gida, Ɗankane ya zo ya zauna kusa da shi, aka sa musu. Tsohon ya saurara tun daga farko har ƙarshe, yatsunsa na bugun gwiwarsa. Da ta ƙare Sadisu ya ce, "To, Yaya, yanzu kam kashe."

Cindo ya miƙa hannu. Baba ya riƙe masa wuyan hannu, ya jawo shi kusa, ya raɗa masa magana a kunne.

"Me ya ce?" in ji Sadisu.

Cindo ya janye hannunsa daga maɓallin, ya gyara zama. "Ya ce kada in ji maganarka."