Wake Biyu a Ƙoƙona

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin da aka juye ƙoƙona a gaban ikilisiya ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. A Gazawa abin ya faru, a shekarun nan da demokaraɗiyya ta shigo Nijar, bayan an watse daga babban taron ƙasa a Yamai. Lokacin kowa ya zama ɗan siyasa. Mai shayi yana da jam'iyya, mai faci yana da jam'iyya, ni kuwa da nake koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ana ce mini Mushe, malam ke nan a bakin 'yan Faransanci, gani nake duk garin ba wanda ya kai ni gane abin. Rediyo a kunne, littafin rubutu a hamata, ba na iya faɗin magana uku ban jefa Faransanci ba. (Har matata Rahila na taɓa kira "kamarad". Ta dube ni sama da ƙasa, ta ci gaba da tankaɗenta.)

'Yar majami'armu ta Angilika ce, ginin ƙasa da rufin kwano, can bayan tasha. Iyayenmu ne suka zo da ita daga ƙetaren iyaka, ta wajen Katsina. Manyan cikinta ba mu wuce arba'in da 'yan kai ba, a tsakiyar maƙwabta Musulmi da muke cin naman Sallarsu suna cin shinkafar Kirsimetinmu. Rabaran ɗinmu, wato limamin majami'ar, ba a garin yake zaune ba, sau ɗaya a wata yake zuwa a kan babur. Sauran kwanakin komai yana hannun wakilin jama'a. A tsarinmu, kowace shekara bayan bikin Ista, Rabaran yakan naɗa nasa wakilin, jama'a kuma su zaɓi nasu, kuma na jama'ar shi ke riƙe mabuɗin majami'a.

Tun ina yaro wakilinmu Baba Bulus ne. Manomi ne, bai yi boko ba, amma rabin littafin addu'a yana kansa. Shi ke buga ƙarfen ƙafar mota da muka rataya a jikin bedi, wato dogon yaro, a madadin ƙararrawa, shi ke share ɗakin sujada, shi ke fara isa gidan da aka yi rashin lafiya ko rasuwa. Yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya: aljihun rigarsa ba ya rabuwa da jan wake, wani iri da ya samo wajen surukansa a Gidan Sori. Duk wanda ya tsaya gaisawa sai ya ciro ya nuna masa, yana yabonsa kamar jikansa. Ba mai karɓa, don mutanenmu farin wake suka sani. Duk Gazawa shi kaɗai ke shuka wannan iri.

Zaɓensa kuwa ba ya ɗaukar minti ɗaya. Rabaran ya ce, "Baba Bulus ya ci gaba?" Jama'a su ce, "Amin." Sai a fita cin abinci.

Wannan "Amin" ita ta riƙa ci mini rai. A baki ina cewa mulkin mutum ɗaya ne, kuma zamaninsa ya wuce a ƙasa, dole ya wuce a majami'a. A zuci kuwa wani abu ne daban. Marigayi babana ne ya ba da filin da aka yi ginin, don haka gani nake mabuɗin nan gadona ne da wani ya riƙe. (Ka ji ɗan demokaraɗiyya mai neman gado.) Ina so in ga kaina a gaba, da kwat, mabuɗi yana reto a hannuna, ana cewa ga ɗan wane ya gaji ubansa.

Ishaku tela ne ya fara zuga ni. "Aradu, Mushe, kai ka dace! Mutane tsoron idon tsohon nan kawai suke yi." Maganar ta zauna mini daram. Na shiga yawon gida-gida. Na je wajen mawaƙa ranar koyon waƙa, na je wajen zumuntar mata ranar Alhamis da ƙunshin sukari, na yi musu lacca a kan 'yanci har wata tsohuwa ta yi gyangyaɗi. Duk wanda na roƙa sai ya ce, "Ba komi, Mushe, Allah shi sa alheri." Ni kuma sai in buɗe littafina in rubuta sunansa. Haihuwar garin nan ne ni, na san sarai abin da "Allah shi sa alheri" take nufi idan wani ake gaya wa. Da aka gaya mini, sai na ji ta kamar rantsuwa. Kafin Ista na tara suna talatin. Rahila da Inna, mahaifiyata, ko tambayarsu ban yi ba, na dai sa su a saman shafi.

Ranar ta zo. Bazara ce, kwanon rufi yana ƙara don zafi, mata suna fifita da littafin waƙa. Bayan an gama sujada Rabaran ya miƙe zai yi tambayarsa ta kullum, sai Ishaku ya ɗaga hannu ya ce yana gabatar da ni.

Rabaran mutum ne mai sanyin hali. Ya ce, "To, madalla. Tunda 'yan takara biyu ne, sai a ɗaga hannu."

Na yi zumbur na miƙe. "A'a, Baba Rabaran! Ɗaga hannu ai zalunci ne. Wa zai iya ƙin dattijo yana kallonsa? Ƙuri'ar asiri za a yi, kowa ya bi zuciyarsa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Mushe, ka tabbata haka kake so?"

"Haka doka ta ce."

Wace doka? Tawa. Da ma na zo da shirina. Na sa aka kafa zana a kusurwa, na ajiye ƙoƙo biyu a bayanta, kowanne an rufe shi da faifai mai huda a tsakiya. A jikin na Baba Bulus na zana mabuɗi da gawayi, a jikin nawa na zana alƙalami. Na ɗebo farin wake daga rumbuna, ni da kaina zan ba kowa ƙwaya ɗaya. Sannan na ɗauki alli na rubuta a allon makarantar Lahadi, na kuma karanta da ƙarfi don waɗanda ba su iya karatu ba: duk ƙwayar da ba irin wadda na raba ba, lalatacciya ce, ba a ƙirga ta.

Da na tsaya nan da sauƙi. Ina! Sai na nemi a ba ni minti biyar, na cinye ashirin. Na ce zamanin shugaba na har abada ya wuce. Na ce majami'a ba gonar mutum ɗaya ba ce. Na ce abin kunya ne a ce mai riƙe mana mabuɗi bai iya rubuta sunansa ba. Wannan ta ƙarshe har yau ban yafe wa kaina ita ba. Baba Bulus yana zaune a bencin gaba, hula a gwiwa, yana gyaɗa kai kamar wa'azi nake yi. Shi ne fa ya sauka cikin kabarin babana ya karɓe shi. Na sani, kuma na faɗi abin da na faɗa.

Da aka ce ya yi magana, cewa ya yi, "Ni ba ni da ta cewa. Yaron ya yi karatu."

Aka shiga layi, mutum arba'in da uku. Kowa ya karɓi wakensa daga hannuna, da yawa har da murmushi. Rahila ta karɓa ba ta ɗago kai ba, na ce kunya ce. Inna ta karɓa ta ce, "Allah shi kyauta." Da layi ya zo kan Baba Bulus, ya karɓi tasa, ya shiga bayan zana ya daɗe bai fito ba. Na sunkuya na raɗa wa Ishaku, "Ban kwana yake yi da mabuɗi." Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ni na shiga a ƙarshe, na jefa tawa a ƙoƙon alƙalami. Na ji ta faɗa da wata ƙara mai faɗi, irin ta abin da ya faɗa wurin da ba kowa, amma ban kawo komai a raina ba.

Rabaran ya sa aka kawo tire a gaban bagade, teburin sujada. Ya ɗauki ƙoƙon mabuɗi ya juye. Shaaa! Kamar ruwan farko a kan kwano. Wallahi tunanina na farko shi ne an yi kuskure, ƙoƙona ya ɗauka. Har na leƙa in ga zanen. Mabuɗi ne. Ya ƙirga a hankali, jama'a suna bin sa, har arba'in da ɗaya.

Ni malamin lissafi ne. Tun kafin ya taɓa ƙoƙona na san abin da ya rage.

Ya ɗauka, ya ɗan girgiza, ya juye. Ƙas. Ƙas. Ƙwaya biyu suka gangara suka tsaya a tsakiyar tire. Ɗaya fara. Ɗaya ja.

Duk ɗakin ido ya koma kan aljihun Baba Bulus.

Rabaran ya ɗauki jar ƙwayar da yatsa biyu, ya dubi allo, ya dube ni. Ba da mugunta ba, shi dai mutum ne mai bin ƙa'ida. "Mushe, ga dokarka can. Wannan a ƙirga ta ko a bar ta?"

Sai Baba Bulus ya dafa benci ya miƙe.

"Ku gafarce ni, tawa ce," in ji shi. "Wadda Mushe ya ba ni ta suɓuce cikin rairayi, na yi ta lalube ban gan ta ba, idon ya tafi. Shi ne na ciro ta aljihu. Don Allah a ƙirga mishi, kar a ɓata mishi saboda ni."

Rabaran ya ce, "Baba, kai ba kanka ka zaɓa ba?"

"Haba, Rabaran. Mutum ya zaɓi kansa? Ai da kunya."

Bai faɗa don ya soke ni ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma duk wanda ke ɗakin ya dubi farar ƙwayar da ta rage, ya kuma san hannun da ya jefa ta. Wata daga bencin zumuntar mata ta toshe baki da mayafi, dariyar ta ƙwace ta hanci. Shi ke nan, sai ɗakin ya ɗauka. Har maƙwabcinmu Malam Sani mai kanti, da ya leƙo ta taga don ya ga yadda Kirista suke zaɓe, sai da ya dafa bango. Na waiga neman Ishaku, wanda ya gabatar da ni. Yana ta duba ɗinkin hannun rigarsa kamar bai taɓa ganin zare ba. Na dubi Rahila, tana gyara ɗankwali. Na dubi Inna, ita kam ido cikin ido ta kalle ni.

Ban san yadda na isa gida ba. Na bar kwat ɗina a kan benci, sai da yamma aka aiko mini da ita. Rahila ta ajiye mini abincin rana ta koma gefe. Na buɗe kwano: shinkafa da wake. (Ta rantse tun safe ta dafa, ba da wata manufa ba. Har yau ban yarda ba.)

Na ce, "Rahila, har da ke?"

Ta ce, "Malam, ba kai ka ce asiri ne ba?"

Inna tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa. Ita ba ta taɓa kama sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai wane, zo nan. Ni na haife ka. Tun da kake, ka taɓa tashi kafin ƙarfen nan ya buga? Ran da ubanka ke jinya, wa ya kwana bakwai yana juya shi? Mabuɗi kake so a gan ka da shi, tsintsiyar fa wa zai ɗauka? Kuma ka tsaya gaban mutane ka ce bai iya rubuta sunansa ba. Da wake goma aka ba ni, duk shi zan zuba wa."

Na yi fushi, fushi na gaske. Wata huɗu ban taka majami'a ba, ina cewa munafukai ne, sun sha sukarina sun ci amanata. Kafin mako ya zagayo sunan ya riga ya fita. A tasha, a kasuwa, har yaran ajina idan na juya ina rubutu a allo sai in ji an ce ƙasa-ƙasa, "Wake Biyu." Baba Bulus ya zo gidana sau biyu. Duka biyun na ce a ce ba na nan, ina jin muryarsa daga ɗaki yana cewa a gaishe ni. Na yi niyyar in je in ba shi haƙuri, ina ta cewa sai bayan shuka, sai bayan noman farko. Bai kai girbi ba. Ranar jana'izarsa na koma majami'a, kuma Ishaku ne aka ba mabuɗin, da "Amin" ɗaya.

Abin da na koya bai da yawa. Idan mutanenmu suka ce maka "Allah shi sa alheri", kada ka rubuta a littafi. Kuma kada ka nace sai an kafa wa mutane zana su bi zuciyarsu alhali ba ka taɓa tambayar abin da ke cikinta ba, musamman waɗanda kuke cin tuwo a gida ɗaya. Da na bari an ɗaga hannu, kunya kaɗai da ta ba ni goma.

Yanzu na yi furfura, na bar aikin lakol, amma sunan yana nan. Jikokin waɗanda suka yi dariyar ma Baba Wake Biyu suke ce mini, ba su san dalili ba. Ina amsawa, ba na gyara musu. Ni kaɗai na san alfarma suke yi mini, don bisa dokar da na rubuta da hannuna a allon nan, ɗaya ne.